A daina yanke wa masu jifan Japan hukunci tun a watansu na farko a Amurka

Ranar 21 ga watan Maris din 2024 ne, a birnin Seoul na Koriya ta Kudu, Yoshinobu Yamamoto ya fara hawa tudun jifa a babbar gasar besbol ta Amurka wato MLB. Kulob din Los Angeles Dodgers ne suka dauko shi daga Japan akan dala miliyan 325 na tsawon shekara 12, kudin da ba a taba ba wani wanda jifa kadai ne aikinsa ba, kuma wannan banda sama da miliyan 50 da suka danka wa tsohon kulob dinsa Orix Buffaloes kudin sallama. Yaro ne da ya dauki kyautar Sawamura, ta gwarzon mai jifa a Japan, sau uku a jere daga 2021 zuwa 2023. To amma a ranar zagaye daya tal ya iya yi cikin zagaye tara da ake yi a wasa. Ya jefa kwallo 43, 'yan San Diego Padres suka zuba masa maki 5, koci ya zare shi tun 'yan kallo basu gama gyara zama ba.

Abun da ya biyo baya a soshiyal midiya ba sai na fada ba, kowa ya zama masani, wannan yace an yi asarar kudi, wancan yace ai dama gasar Japan ta yara ce, wani yace mutum mai karamin jiki irinsa ba zai iya da kattin Amurka ba. Mu Hausawa mukan ce Juma'ar da zata yi kyau tun daga Laraba ake ganeta, kuma magana ce mai hikima a wurare da yawa, amma wallahi a wannan harkar bata aiki. Shi dai wannan Yamamoton da aka yi wa dariya a Seoul, shekara daya da wata bakwai bayan nan shine aka ba gwarzon World Series na 2025, wato karawar karshe ta daukar kofin MLB, ya ci wa Dodgers wasa uku cikin hudun da suka ci Toronto Blue Jays, ya jefa wasa na biyu shi kadai tun daga farko har karshe, ya jefa na shida, washegari kuma ba hutu ba komai ya sake fitowa ya rufe na bakwai. Hannun daya ne fa, mutumin ma daya ne. Abun da ya sauya kawai shine ya saba da waje.

Ga wanda bai saba kallon wasan ba bari in dan share fage. Mai jifa yana tsaye ne akan wani dan tudun kasa a tsakiyar fili, tsakaninsa da mai duka tazarar mita 18 da 'yan kai, a bayan mai dukan akwai mai cafka a tsugune, bayansa kuma alkali. Akwai wani dan akwati da ba a zana shi ba sai dai a idon alkali, daga wajen gwiwar mai duka zuwa kasan kirjinsa, fadinsa kamar santimita 43. In kwallo uku suka bi ta cikin akwatin nan, ko mai duka ya kai sanda ya rasa, to ya fita. In hudu suka kauce bai kai musu duka ba, an bashi tafiya tashar farko a bagas. Kwallon tana gudun kilomita 150 zuwa 160 a awa, kasa da rabin dakika ta isa. Kaga kenan sana'a ce ta yatsu, kuskuren da bai kai fadin dan yatsa ba a wajen sakin kwallo shi zai zama taku guda a can gaban mai duka.

Shi yasa duk wanda zai min maganar nan bai fara da ita kanta kwallon ba nasan bai zauna yayi nazari ba. Kwallon da ake wasa da ita a gasar Japan kamfanin Mizuno ne ke yinta, tun 2011 aka maida ita guda daya ga dukkan kungiyoyi 12, kuma fatarta tana da dan danko tun daga masana'anta, tana kama yatsu, masu jifa da dama ma na cewa ta dan fi zama daidai hannu. Ta Amurka kuwa kamfanin Rawlings ne ke dinkata da hannu a Kosta Rika, tana zuwa da santsi kamar sabulu, har sai an shafa mata wani tabo na musamman da ake debowa daga gefen wani rafi a jihar New Jersey kafin a fara wasa, kuma mutum ne ke shafawa da hannunsa a kowane filin wasa, don haka wata zata zo maka da tabo ya kama, wata ta zo kamar an barbada mata gari. A da masu jifa sukan dan boye danko a hula ko a safar hannu kowa ya kauda kai, amma tun watan Yunin 2021 alkalai suka fara caje hannu a tsakiyar wasa, yanzu sai dan buhun garin karo da doka ta yarda da shi. Masu kallon kwallon kafa zasu tuna Jabulani ta gasar kofin duniya a Afirka ta Kudu a 2010, yanda manyan masu tsaron raga irinsu Iker Casillas da Julio Cesar suka yi ta korafi cewa basu gane tafiyarta ba. To wadancan fa wata daya kawai suka yi da ita. Shi dan Japan ya shekara bakwai ko takwas yana cin abinci da kwallo daya, yatsunsa sun haddace ta, rana daya a mika masa wata ace gashi nan, kuma wasan farko duniya na kallo.

Abun ya fi tsanani ne saboda irin jifan da aka san 'yan Japan da shi. Makaminsu shine wanda ake tsaga yatsu biyu, manuni da na tsakiya, a cusa kwallo a tsakani a saketa, tana tafe kamar mai gudu sai ta zo daf da mai duka ta fadi kasa kamar an janye mata tabarma. Hideo Nomo da shi ya yi suna, Masahiro Tanaka haka, na Kodai Senga har lakabi aka sa masa na fatalwa saboda yanda yake bacewa. Wannan jifan gaba dayansa ya dogara ne da yanda fata ke zamewa daga tsakanin yatsu. In kwallo ta yi santsi ko dai ta subuce ta daki kasa tun bata isa ba, ko ta ki fadowa ta tsaya a tsakiyar akwati, in ta tsaya kuwa sai dai ka juya ka kalli bayan katanga. Sannan ka kara da yanayi. Japan kasa ce mai danshi, kuma kungiyoyi da dama a rufaffen fili suke wasa, Tokyo, Osaka, Nagoya, Fukuoka duk akwai rufi. A Amurka atisayen share fage rabin kungiyoyi a Arizona suke yi, busasshiyar iskar hamada, sai a bude kaka a karshen Maris a kaika Chicago ko Detroit ko Minnesota inda sanyi ke sa yatsu su kage har baka jin abun da ka rike.

In kana son hujja duba Yu Darvish. A shekararsa ta karshe a Japan, 2011, ya jefa zagaye 232, mutum 36 kacal ya ba tafiyar bagas. Ya zo Texas Rangers a 2012, zagaye 191 da 'yan kai, ya ba mutum 89. A wasansa na farko da Seattle maki 4 aka ci shi a zagayen farko. Wai shikenan a cikin 'yan watanni mutum ya manta yanda ake saiti? Ina. Hannu ne ke neman kwallo. Shekarar da ta biyo baya ya fitar da masu duka 277, ba wanda ya kai shi a duk gasar, ya zo na biyu a takarar kyautar Cy Young, ta gwarzon mai jifa a rukuninsu.

Tudun ma ba daya bane. Na Japan ya fi laushi, kafar gaba tana dan nutsewa ta zame kadan, shi yasa da yawansu suka taso da doguwar taku suna sunkuyawa kasa sosai. Na Amurka yumbu ne mai tauri, kafa na sauka ta kafe, duk karfin ya dawo gwiwa da kugu da baya. Ba zan ja wannan da tsawo ba don a 'yan shekarun nan filaye da dama a Japan sun kara wa nasu tauri.

Inda nake son a tsaya a yi tunani sosai shine maganar hutu, don a ganina nan ne asalin gizo yake sakar. A Japan wasa 143 ake yi a kaka, ranar Litinin yawanci hutu ce, kuma kowane kulob masu fara jifa shida yake juyawa. Ma'ana mai jifa sau daya yake fitowa a sati, har akan san ranarsa, wane na Juma'a ne wane na Lahadi. Kwana shida yake da su, ya huta, ya yi gudu, ya yi atisayen jifa, ya sake hutawa, jikinsa ya san wannan lissafin kamar yanda ciki ya san lokacin abinci. A Amurka wasa 162 ne cikin kwana 186 ko makamancin haka, ana iya yin sati biyu ba ranar hutu ko daya, masu fara jifa biyar ne, hutun kwana hudu a tsakani ka sake hawa. Mai karatu zai ce to kwana biyu ne fa bambancin, eh kwana biyu ne, amma kashi daya cikin uku na lokacin da jijiya ke warkewa aka yanke. Duk jifa mai karfi yana barin kananan tsaguwa a nama da jijiyar gwiwar hannu da kafada, barci da hutu ne ke dinke su. Amurkawa suna cewa ai mu muna cire mutum in ya kai jifa 100, ku kuma kuna barinsa ya yi 120 ko 130, gaskiya ne, amma shi Darvish da ya dandana duka biyun ya fito fili a 2014 yace hutun kwana hudu yayi kadan, kuma ya bada shawarar a koma mutum shida. Ba a saurare shi ba a lokacin. A farkon 2015 jijiyar gwiwar hannunsa ta tsinke aka masa tiyatar nan da ake kira Tommy John, kakar gaba daya ta wuce shi.

Kuma hutun kwana hudun ma ba a gado ake yinsa ba, a jirgi ake yi. Japan agogo daya ne daga Hokkaido har Fukuoka, tafiye tafiye da yawa awa biyu ko uku ne a jirgin kasa mai gudu. Amurka agogo hudu ne daga gabas zuwa yamma, daga Seattle zuwa Miami sama da kilomita 4,000, ka gama wasa karfe goma na dare ka hau jirgi ka sauka da asuba a garin da agogonsa ya riga naka da awa uku. Akwai kuma Denver, filin Colorado, mai tsayin kusan mita 1,600 daga teku inda iska bata da kauri, kwallo bata lankwasa yanda aka saba. Tun 2023 kuma aka kawo agogon jifa, dakika 15 in ba kowa a tasha, in akwai mutum dakika 20 wanda aka rage zuwa 18 a 2024. Mutumin da ya saba ya ja numfashi, ya zagaya tudu, ya goge zufa, yanzu lamba na kirga masa a ido.

Sai kuma su kansu masu dukan. A nan dole in yarda da masu suka a wani bangare, don gaskiya daya ce, masu dukan MLB sun fi karfi. Can ne ake tara na Jamhuriyar Dominika da Benezuwela da Kuba da Amurka da ita kanta Japan din a waje daya. A gasar Japan mai jifa zai iya dan sassautawa in ya zo kan na bakwai da na takwas a jerin masu duka, kuskurensa bai wuce a tsere tasha daya ba. A Amurka na takwas din ma zai iya cilla maka ita bayan katanga. Yusei Kikuchi ya zo Seattle a 2019, a shekarar da aka kafa tarihin buga hom ron, wato cilla kwallo bayan katanga, har 6,776 a gasar, shi kadai aka buga masa 36, matsakaicin makin da ake cinsa a zagaye tara ya kai 5.46 alhali a Japan shekarar baya 3.08 ne. A farkon kakar kuma mahaifinsa ya rasu a gida, shi yana wata nahiyar. Wannan ba a rubuta shi a allon maki amma mutum ne, da zuciya a kirjinsa. A 2021 sai gashi a cikin zababbun taurarin gasar. Kuma in mai jifa ya sha irin wannan dukan sau biyu sau uku sai tsoro ya shige shi, ya fara lallabawa gefe gefen akwati yana gudun tsakiya, tafiyar bagas ta karu, jifa ya taru, kafin zagaye na biyar an cire shi. Haka Daisuke Matsuzaka ya rika fama a Boston, ko a 2008 da ya ci wasa 18 ya fadi 3 kacal, mutum 94 ya ba tafiyar bagas.

Ga kuma rashin sanin abokan karawa. A Japan kungiya shida ce a kowane rukuni, kana haduwa da mutum daya har ka san inda yake tsoro da inda yake so. A MLB kungiya 30 ce, kowa bako ne a wajenka. Mai cafkarka ma bako ne, baya jin yarenka, baka jin nasa, shi zai kira maka jifan da ya ga ya dace kai kuma zuciyarka na wani wajen, in koci zai zo tudu sai da tafinta. Wanda ya taba zuwa asibiti a kasar da baya jin yarensu ya san wahalar bayyana inda ke ciwo ta bakin wani, balle ka bayyana cewa yatsanka ne baya jin dinkin kwallo yanda ya saba.

Amma fa kar a fake da karfin masu duka ace wai gasar Japan ce bata da inganci. Gasar kasashe ta duniya ta besbol, WBC, da kwallon Amurkan ake bugata, kuma Japan ta dauka a 2006 da 2009 da 2023, ta karshen ma Amurka ta doke 3 da 2 a Miami, Shohei Ohtani ya fitar da Mike Trout aka tashi. Matsuzaka ne gwarzon gasar a biyun farko. Masu baiwa ne, wannan ba abun musu bane.

Nasan tambayar da mai karatu mai kaifin basira zai jefo min. Zai ce to in haka ne me yasa Nomo ya zo a 1995 ya fitar da mutum 236, ya fara jifa a wasan taurari, ya zama gwarzon sabon dan wasa? Me yasa Tanaka, bayan ya ci wasa 24 bai fadi ko daya ba a kulob din Rakuten na Japan a 2013, ya zo New York Yankees ya ci 11 ya fadi daya kacal zuwa tsakiyar Yunin 2014? Shota Imanaga fa, da matsakaicinsa ya tsaya 0.84 bayan wasa tara na farko a Chicago Cubs a 2024? Tambaya ce mai kyau kuma bata rushe maganata ba. Bakunta takobi ce mai kaifi biyu, kamar yanda mai jifa bai san masu duka ba haka su ma basu san shi ba, wanda hannunsa ya yi saurin sabawa da kwallo sai ya ci moriyar wannan duhun na wata biyu ko uku. Amma bashin yana nan, biyansa ne kawai aka daga. Tanaka a watan Yulin wannan shekarar aka gano jijiyar gwiwar hannunsa ta dan tsage, ya tafi jinya sama da wata biyu. Imanaga da aka gama nazarinsa a bidiyo, New York Mets sun zuba masa maki 10 a zagaye uku a watan Yuni, duk da dai ya farfado ya kare kakar da kyau. Ohtani a 2018 wasa goma kawai ya jefa kafin tiyata. Shi kansa Yamamoto kafadarsa ta ajiye shi kusan wata uku a 2024. Wani a Afrilu yake biya, wani a Yuli, wani kuma a dakin tiyata.

Akwai wani abu kuma da laifin ba na Amurka bane, kuma yana damuna sosai. Yaran nan da yawa suna zuwa ne da hannun da aka riga aka ci rabinsa tun suna sakandare. Gasar makarantu ta Koshien da ake yi a watan Agusta cikin tsananin zafi, duk Japan tsayawa take cak ta kalla, kuma in an fitar da makarantarku shikenan sai badi, don haka koci sai ya dora komai akan yaro daya. A 1998 Matsuzaka yana dan shekara 17 ya jefa kwallo 250 a wasa daya mai zagaye 17, washegari ya sake fitowa, jibi ya jefa wasan karshe gaba daya ba wanda ya samu dukan kirki ko daya a kansa. Jama'a suka yi ta tafi ana kiransa dodo. A 2018 wani yaro Kosei Yoshida ya jefa 881 a gasar. Sai a 2020 aka sa iyakar jifa 500 a sati. Tanaka ma a wasan karshe na Japan a 2013 ya jefa 160 a wasa na shida, washegari ya fito ya rufe na bakwai. Jarumta ce ba shakka, amma jijiya bata san jarumta ba. Matsuzaka da Boston suka biya sama da dala miliyan 51 don kawai a basu damar magana da shi, a 2011 aka masa tiyata yana dan shekara 30, kuma bai sake komawa yanda yake ba.

Ba kuma cewa nake kowane dan Japan in an bashi lokaci zai yi fice ba. Kei Igawa ya ci wasa 20 a Hanshin Tigers a 2003, Yankees suka kashe dala miliyan 46 a kansa, wasa 16 kacal ya buga musu da matsakaicin 6.66, sauran shekarun kwantiraginsa a karamar gasa ya karar da su. Jifansa yana yawan tsayawa sama kuma bashi da gudun da zai kare shi, watakila ko an bashi shekara goma ba zai yi ba. Shintaro Fujinami da Oakland suka dauka a 2023 tun a Japan yake fama da saiti, Amurka bata kirkiro masa matsalar ba. Abun da nake cewa shine wasa hudu ko biyar na farko basa iya banbance maka wanda ba zai iya ba da wanda bai saba ba, kamanninsu daya a allon maki. Kuma kulob din da ya zuba miliyoyi shi ya fi kowa alhakin sanin wannan. Ba a fafe gora ranar tafiya. In ka san zaka dauko mutumin da ya saba da sati guda, to ka tanadi mai jifa na shida tun kafin ya sauka daga jirgi, ka bashi kwallayen Rawlings tun watan Disamba, ka hada shi da mai cafka daya su saba. Dodgers sun yi wa Yamamoto haka ta bangaren hutu, suka rika bashi hutun kwana biyar ko fiye a tsakanin wasanninsa na cikin kaka, Mets ma sun rika kara wa Senga kwana a 2023 kuma ya fitar da mutum 202 da matsakaicin 2.98 duk da ya fara kakar yana zubar da tafiyar bagas. Wasu na cewa wannan gata ne, me yasa za a sauya tsarin kulob saboda mutum daya. Ni kuma nace wanda ya sayi doki mai tsada shi ya kamata ya fi kowa kula da harawarsa, kuma su kansu masu jifan Amurka da ake ta kwasa zuwa tiyata duk shekara zasu amfana da karin kwanan.

Wanda ya fi tsaya min a rai shine Roki Sasaki. Yaro ne daga gabar tekun Iwate, ambaliyar tsunami ta 2011 ta cinye mahaifinsa da kakanninsa yana dan shekara tara. A 2019 kocinsa na sakandare ya ki saka shi a wasan karshe na jiha don ya kare masa hannu, makarantar ta fadi bata je Koshien ba, aka yi ta zagin kocin a fadin kasar, ni kuwa a wajena wannan kocin ya yi abun da ya dace. Ranar 10 ga Afrilun 2022 Sasaki yana dan shekara 20 ya jefa wa Chiba Lotte cikakken wasa, mutum 27 suka zo 27 suka koma ba wanda ya taka tasha, ya fitar da 19 da jifa, 13 daga ciki a jere. Ya taba jefa kilomita 165 a awa. Amma bai taba kai zagaye 130 a kaka daya ba a Japan, kowa ya san jikinsa bai gama nuna ba. Dodgers suka dauke shi a farkon 2025, wasansa na farko a Tokyo ya ba mutum biyar tafiyar bagas a zagaye uku, na biyu a Los Angeles da Detroit bai iya gama zagaye biyu ba, kyamara ta nuno shi a benci idonsa jajir, kuma har wannan sai da wasu suka maida abun tsokana. Gudun jifansa ya sauka, a watan Mayu aka ce kafada ce, ya bace wata hudu.

Da ya dawo a karshen Satumba sai suka maida shi mai shigowa a karshen wasa, zagaye daya ko biyu ya zuba duk karfinsa. Ranar 9 ga Oktoba a karawarsu da Philadelphia Phillies, wasa yana kunnen doki daya da daya, aka kira shi a zagaye na takwas, ya jefa na takwas da na tara da na goma, mutum tara suka zo gabansa tara suka koma, Dodgers suka ci a na sha daya suka wuce. Na ji dadin ranar sosai, amma bana son a yi masa gaggawar da aka yi masa a farkon kakar ta wata fuskar, ace tunda yayi haka ai ya warke a dora masa zagaye 180 da hutun kwana hudu. Shekarunsa 23 ne a lokacin, kafadar da ta ajiye shi wata hudu tana nan a jikinsa, kuma ranarsa daya a sati ita ya sani tun yana Chiba.